Allon da Ya Ɓoye Fuskar Baba Sila

Akwai wani mutum a wani gari wanda sana'arsa ita ce tace bidiyo. Idan an yi bikin aure ko taron ikkilisiya, masu kyamara su ɗauko, sai a kawo masa. Shi kuwa ya zauna gaban kwamfuta ya yanke abin da ba a so, ya haɗa abin da ake so, ya gyara haske da launi, ya sa rubutu mai motsi da sunayen mutane. Ya iya aikinsa, wannan kam ba mai musu. Aibinsa ɗaya ne, kuma irin namu ne duka: yana son abin da zai nuna masa cewa aikinsa ya yi kyau.

Kwamfutarsa ta tsufa ƙwarai. In ya ba ta aiki, sai ya tafi ya ci tuwo, ya wanke hannu, ya gaisa da maƙwabta, ya dawo ya same ta tana nan tana nishi. Har fanka yake kafa mata a gefe don kada zafi ya kashe ta. Ya daɗe yana shirin sayen sabuwa, yana ta ɗagawa.

Wata rana sai ga wata tsohuwa a ƙofar shagonsa, tana dogara sanda. Sunanta Mama Keziya, matar marigayi Baba Sila, mai bisharar da ya yi shekara arba'in yana yawon ƙauyuka da keke. Duk ƙasar an san Baba Sila, an kuma san ba ya son a ɗauke shi hoto. In ya ga kyamara sai ya juya baya ya kama gaisawa da wani. Sau ɗaya kaɗai aka same shi, ranar bikin godiyar girbi, watanni kaɗan kafin ya rasu. Ya tsaya a bakin ƙofar ƙaramar majami'ar ƙauyensu yana sa wa jama'a albarka, matan Zumunta, wato ƙungiyar matan ikkilisiya, kewaye da shi cikin zanensu na anko. Ya rufe ido yana addu'a, shi ya sa bai ga mai ɗauka ba.

Mama Keziya ta kwance bakin zanenta, ta fito da ɗan ƙaramin katin kyamara, ta ajiye a tafin hannunsa. Ta gaya masa cewa nan da mako huɗu za a yi sujadar tunawa da Baba, shekara guda cif, kuma 'ya'yanta suna so a nuna wannan bidiyo a majami'a bayan sujada. Ta ce idanunta sun fara tafiya, kullum duhu yana ƙaruwa mata.

Ta ce, “Ɗana, ni ban san aikinku ba. Fuskarsa kawai nake so in gani, tun idon yana iyawa.”

Mutumin ya karɓi katin da hannu biyu, ya yi mata alkawari. Da ta tafi ya dubi tsohuwar kwamfutarsa, ya san wannan aiki ya fi ƙarfinta. Washegari ya kama hanyar kasuwa.

A kasuwar akwai wani dattijo mai haɗa kwamfutoci, ana ce masa Malam Gayus. Mutum ne mai jinkirin magana, ba ya sayar maka da kaya sai ya tambaye ka abin da za ka yi da su. Ya zaunar da mai tacen a kan benci, ya yi ta yi masa tambayoyi: wane irin bidiyo ake kawo masa, tsawonsa nawa, yana yawan sa rubutu mai motsi ko kuwa yanka da haɗawa ne kawai. Sa'an nan ya tashi ya fara zaɓe. Ya ɗauko furosesa mai ƙarfi, wato ƙwaƙwalwar na'urar. Ya ƙara ram da yawa, ya ce ita kamar tabarmar shanya ce, in ta yi ƙanƙanta dole ka riƙa kwashe wannan kafin ka baza wancan. Ya sa katin hoto mai kyau, wato abin da ke sarrafa hoto a cikin na'urar, saboda rubutu mai motsi, da fankoki masu fitar da zafi. Ya kuma nace sai an sa rumbun ajiya biyu, ɗaya na aiki, ɗaya na ajiye asalin abin da aka kawo, wanda ba a taɓawa.

Duk wannan mutumin ya amince, yana ta gyaɗa kai kamar ɗalibin kirki. Sai aka zo kan allo, wato gilashin da za a riƙa ganin aikin a kansa. A nan ne kunnensa ya toshe.

Alluna biyu ne a kan tebur, dukansu a kunne, suna nuna hoto iri ɗaya. Na farkon babba ne, mai sheƙi, bakinsa a lanƙwashe. Ja a kansa ya yi jawur, kore ya yi shar, fuskar kowa tana walƙiya kamar an shafa mata mai. Na biyun bai kai shi girma ba, ba ya sheƙi, launinsa a kwance. Kusa da ɗan'uwansa sai ka ce bai ƙoshi ba.

Malam Gayus ya dafa na biyun, ya ce, “Ɗan'uwa, wancan an yi shi ne don mai kallo ya ji daɗi. Wannan an yi shi don mai aiki ya ga gaskiya. Kai mai aiki ne.”

Mutumin ya ji, amma idonsa yana kan babban. A ransa yana ganin masu kawo aiki sun shigo shagonsa, sun ga wannan allo, sun san lallai ya wuce sa'a. Ya ce wa dattijon ai shi shekararsa goma yana wannan sana'a, idonsa ya san launi, ba allo ne zai koya masa ba. Malam Gayus ya sake faɗa sau ɗaya, bai ƙara ba. Ya ɗaure masa babban allon a kwali, ya ce Ubangiji ya sa albarka.

Sabuwar na'ura kuwa ba ta ba shi kunya ba. Aikin da dā yake cin wuni, yanzu kafin ya sha kofin shayi an gama. Ya fara da bidiyon aure biyu da ke jiransa, ya tace su, ya miƙa wa masu su. Suka karɓa suka yi godiya, bai sake jin ɗuriyarsu ba, shi kuwa ya ɗauka daɗi ne ya hana su magana.

Sa'an nan ya buɗe na Baba Sila. Da hoton ya fito a kan babban allon, sai ya ga haske ya yi yawa, har yana kashe ido. Ya rage. Ya ga har yanzu da saura, ya ƙara ragewa. Ya dubi zanen matan Zumunta, ya ga shuɗin ya yi tsanani, rawayar ta yi ihu, ya kwantar da su. Ya tsara sunan Baba yana tasowa a hankali daga ƙasan allo, da shekarar haihuwarsa da ta rasuwarsa, ya sa wata farar kurciya ta ratsa ta samansu. Mako biyu ya yi yana wannan aiki. Duk sa'ad da ya kalla daga farko zuwa ƙarshe sai ya jingina da kujera yana murmushi, yana ce wa kansa bai taɓa yin aiki irin wannan ba. Bai kuma kalle shi a ko'ina ba sai a kan allon nan nasa.

Ran Jumma'a da safe, saura kwana biyu a yi sujadar, matarsa ta roƙe shi ya nuna mata. Ita ma 'yar Zumunta ce, Baba Sila ne kuma ya yi mata baftisma. Ya kwafo bidiyon a filas, ya sa a talabijin ɗin falo, ya koma gefe yana jiran yabo.

Ta zauna ta fara kallo. Sa'an nan ta ce, “Maigida, wannan ba zanenmu ba ne. Namu bai koɗe haka ba.”

Ya ce mata talabijin ɗin ne ya tsufa. Ba ta yi gardama ba, ta ci gaba da kallo har aka zo wurin da Baba yake tsaye a bakin ƙofa. Sai ta matso kusa, ta ƙanƙance ido.

“Ina fuskar Baba?”

Ya duba. Ga ƙofa, ga hannu a ɗage, ga farar riga. Amma daga wuya zuwa sama baƙin dunƙule ne kawai, ba ido, ba baki, ba komai. Ya ce lallai talabijin ɗin nan ya kamata a yar da shi. Ya tura bidiyon a wayarta, ya ga duhu. Ya tura a tasa, duhu. Ya ruga gidan maƙwabcinsa ya roƙi a sa masa a nasu talabijin, nan ma duhu. Ya koma shago ya kunna babban allonsa, sai ga fuskar Baba tas, kamar tana yi masa dariya.

Nan gabansa ya faɗi. Ya nemi kujera ya zauna. Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne ko dama fuskar ba ta cikin bidiyon tun asali, tunda Baba ya tsaya ne hasken waje yana bayansa. In haka ne, babu wani bidiyo a duniya da za a nemo, babu kuma wani Baba Sila da za a sake ɗauka. Ya tuna tsohuwa tana kwance bakin zane, ya tuna alkawarin da ya yi da bakinsa. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi.

Bai tsaya cin abinci ba. Ya ɗauki na'urar da allon ya sa a Keke Napep, sai shagon Malam Gayus. Tun daga ƙofa ya fara ɗora laifi a kan katin hoto, ya ce an sayar masa da mai lahani, yana lalata aiki. Haka muke, in abu ya ɓaci mukan fara neman mai laifi daga nesa.

Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya ture babban allon gefe, ya jona na'urar da ƙaramin nan da aka raina, ya ce a buɗe aikin. Aka buɗe. Ga duhun nan, daidai yadda talabijin ɗin falo ya nuna, ga zanen mata a koɗe. Sa'an nan ya tambaya ko asalin abin da aka kawo yana nan a rumbu na biyu. Mutumin ya ce yana nan, bai taɓa shi ba. Ya buɗe shi.

Sai ga Baba Sila. Hoton bai yi haske sosai ba, amma ga shi nan: ga furfurar gemu, ga tsagar kumatu, ga idanu a rufe, ga leɓe yana motsi cikin addu'a.

Mutumin ya saki wata doguwar ajiyar zuciya, ya dafe kansa da hannu biyu. Ya ji kamar an sauke masa buhun masara daga wuya. Ya yi ta maimaita “Na gode, ya Ubangiji” a hankali.

Malam Gayus ya bari sai da ya natsu, sa'an nan ya bayyana masa. Ya ce na'urar lafiyarta ƙalau, katin hoto ma haka. Babban allon ne yake ƙara wa kowane abu haske da launi daga kansa. Shi kuwa da ya ga haske ya yi yawa sai ya yi ta ragewa, alhali yawan ba a cikin bidiyon yake ba, a cikin allon yake.

Ya ce, “Ba na'ura ce ta ɓoye fuskar ba, ɗan'uwa. Kai ka rufe ta da hannunka, kana ganin gyara kake yi. Amma ba abin da ya ɓace. Abin da ka rage za ka iya mayarwa.”

Bai ce masa ai na gaya maka ba, ko da yake yana da ikon faɗa. Ya karɓi babban allon ya mayar kan tebur, ya ce masu kallon ƙwallo za su so shi, ya ɗaure masa ƙaramin a kwali.

Kada ku ɗauka daga nan sai daɗi. Da mutumin ya kafa sabon allon a shago, sai ya ga aikinsa tsirara. Wurin da ya ɗauka ya yi kyau ya ga ya yi duhu, rubutun da yake alfahari da shi ya ga gefensa ya yi dishi-dishi, kurciyar ma ta yi ruwan toka. Abin ya yi masa zafi, har sau biyu ya ji kamar ya kashe allon. Amma kowane aibi da ya gani, ya ga kuma yadda zai gyara shi, hankalinsa ya yi ta kwanciya. Ya mayar da hasken a hankali har fuskar ta fito. Ya kira matarsa ta kawo zanenta na Zumunta, ta riƙe shi kusa da allon, ya yi ta daidaita launin har sai da ta ce yanzu kam namu ne. Ran Asabar da yamma ya gama. Wannan karon ya gwada a talabijin ɗin falo da ya kushe, da wayoyi biyu, ya kuma je majami'a ya gwada a majigin da za a nuna da shi. Ko'ina fuskar tana nan. Ya koma gida ya ci tuwo malmala biyu, abin da rabonsa da shi tun Alhamis.

Ran Lahadi bayan sujada aka saki labulen tagogi, aka zaunar da Mama Keziya a kujerar gaba, dab da farin ƙyallen da aka rataya. Mai tacen ya tsaya can baya kusa da ƙofa. Sunan Baba ya taso, kurciya ta ratsa, matan Zumunta suka ga kansu suka fara taɓa juna. Sa'an nan aka zo bakin ƙofar majami'ar ƙauye. Tsohuwa ta miƙe ba tare da sandarta ba, ta matsa har inuwarta ta taɓa ƙyallen. Ta daɗe tana kallo.

Ta ce, “Shi ne. Har tabon da keke ya ji masa a goshi.”

Ta koma ta zauna tana share hawaye tana murmushi. Mutumin ya fita waje ya jingina da bango, shi ma ya share nasa. Washegari ya kira masu bidiyon auren nan biyu, ya ba su haƙuri, ya ce su dawo da su ya sake gyara musu. Ɗaya daga cikinsu ya ce dama sun ga duhun tun ranar farko, nauyinsa ne suka ji.

Ma'anar wannan misali ita ce. Mai tacen nan ni ne, kai ne, ke ce. Bidiyon da aka damƙa masa shi ne abin da Allah ya sa a hannunmu: ranmu, gidanmu, mutanen da muke zaune da su. Na'urar mai ƙarfi kuwa ita ce baiwar da aka ba mu, ilimi da ƙwazo da iya magana. Ku lura, mutumin nan bai yi kuskure wajen zaɓen na'ura ba, ba kuma malalaci ba ne. Mako biyu ya yi yana aiki da zuciya ɗaya, kowace rana yana ƙara ɓata abin da yake so ya gyara, domin abin da yake duba kansa da shi ba ya faɗa masa gaskiya. Ƙarfin na'urar ma sai ya sa ya yi ɓarnar da sauri.

Babban allon mai sheƙi shi ne duk abin da ke nuna mana kanmu fiye da yadda muke. Ga wani, abokansa ne, waɗanda ba su taɓa ce masa ka yi kuskure ba. Ga wata kuwa, zuciyarta ce, da kullum take ce mata ke ce mai gaskiya a kowace rigima. Muna son irin wannan allo, ni ma ina sonsa, ba zan ɓoye muku ba. Ƙaramin allon shi ne Maganar Allah, da ɗan'uwan da ke faɗa maka abin da ba ka so ji. Ba ya sheƙi, ranar farko ma zafi za ka ji. Sau da yawa kuma a cikin gidanka yake, kamar matar nan da ta ce wannan ba zanenmu ba ne, aka ce mata talabijin ne ya tsufa. Ku tambayi kanku yau, wane ne ya gaya muku gaskiya cikin wannan wata kuka ce shi ne mai lahani?

Amma ban kawo muku wannan misali don in tsorata ku ba, na kawo shi ne don hankalinku ya kwanta. Ku tuna da rumbu na biyu. Duk duhun da mutumin ya zuba, asalin hoton yana nan a ajiye, ba abin da ya taɓa shi. Haka Ubangiji ya ajiye kamannin da ya yi ka da shi. Fushi ya rufe shi, girman kai ya rufe shi, shekaru sun bi ta kai, amma bai ɓace ba, kuma mai jinƙai ne wanda yake riƙe da shi. Ku kuma tuna cewa ran Jumma'a aka nuna wa mutumin kuskurensa, ba ran Lahadi a gaban jama'a ba. In yau wani ya nuna maka duhun da ke cikin aikinka, kada ka ji haushinsa. Ka gode wa Allah, domin Jumma'arka ce, da sauran lokacin gyara.

Akwai wani a rayuwarka da yake zaune a kujerar gaba kamar Mama Keziya, ya daɗe yana jira ya ga fuskarka ta gaskiya, kuma idonsa ba zai jira har abada ba. Ka koma gida ka canja allo.